Kumburin maraina ga yara: a duba ƙafafu, a duba fitsari, kada a kwana gida

Maganar da muka ɗauko yau irin wadda ake yi ƙasa-ƙasa ce, in ma an yi ta. A gidan rediyo in irin wannan zance ya taso sai mai gabatarwa ya yi ta kewaye-kewaye, don ya san akwai yara da surukai kusa da akwatin. Amma tunda a takarda muke, a gafarce mu, za mu kira kowane abu da sunanshi, domin abin ya shafi lafiyar ƴaƴanmu maza, kuma wani lokaci abin da ke tsakanin tsira da asara bai wuce ƴan awoyi ba.

Ga yadda abin yakan zo. Yaro ne ɗan shekara 5 ko 6. Sati biyu da suka wuce ya yi mura da ciwon maƙogwaro, ya warke, har an manta. Ran nan da safe sai ya ce gwiwarshi na ciwo, ba zai iya zuwa makaranta ba, aka ce ƙiwuya ce. Kashegari ya ce ciki, aka jiƙa mashi kanwa. Uwa ta fita kasuwa tun da sassafe, ta bar shi wurin yayarshi, ba ta dawo ba sai almuru. Da ta zo yi mashi wanka sai ta ga yana tafiya yana ware ƙafafu, kuma ya ƙi yarda a tuɓe mashi wando. Da ta matsa ta tuɓe, sai ta tarar marainanshi sun kumbura, fatar ta yi sumul tana ƙyalli, ta yi duhu kamar wurin da aka buge, in an taɓa sai ihu.

To a nan ne shawarwari ke yin yawa. Maƙwabciya ta ce gwaiwa ce, a kai shi wurin wanzami. Kakar yaro ta ce wani abu ya tsallaka. Wani ya ce ƙwaro ne ya cije shi. Maigida, in yana gari, ya ce a bari gari ya waye mu gani. Duk cikinsu ba wanda ya ce a kawo fitila a duba ƙwaurin yaron da mazaunanshi. Da an duba, da an ga wasu tabbai ɗigo-ɗigo sun feso tun daga idon sawu har sama, ƙafa biyun duka. Waɗannan tabbai su ne bakin zaren.

Wane ciwo ne wannan?

Idan likita ya rubuta sunanshi a katin yaro da Faransanci, za ki ga ya sa purpura rhumatoïde. Wasu likitoci kuma suna kiranshi da sunan Jamusawa biyu da suka bayyana shi, wato Schönlein da almajirinshi Henoch. Na farkon ya lura a shekarar 1837 cewa akwai wasu tabban jini a fata da ke tafiya tare da ciwon gaɓoɓi. Na biyun ya ƙara da cewa, a 1874, irin waɗannan yara suna ciwon ciki har da kashin jini, daga baya kuma ya nuna ciwon yana taɓa ƙoda. Kafin su ma wani likitan birnin Landan mai suna Heberden ya ba da labarin wani yaro ɗan shekara 5 mai waɗannan alamomi, a rubutunshi da ya fito a 1802. A shekarar 2012 wani taron masana a garin Chapel Hill na Amurka ya sake mashi suna, yanzu a littattafan likita ana ce mashi kumburin jijiyoyin jini na IgA. Ke nan ba sabon ciwo ba ne, kuma shi ne ya fi yawa cikin cututtukan da ke kumbura jijiyoyin jini na yara.

Jijiyoyin jini a jikin mutum kamar hanyoyin gari suke. Akwai manyan tituna, akwai kuma ƴan lunguna irin na cikin kasuwa, sirara ƙwarai, wasu gashin kai ma ya fi su kauri. Su waɗannan ƙanana ne ciwon ke kamawa. Shi kuma IgA wani sinadari ne na garkuwar jiki, aikinshi gadin ƙofa: yana cikin majina da yawu da hanji, har cikin nonon uwa, yana tare ƙwayoyin cuta kafin su shiga. Ga wasu yara, galibi bayan sun yi mura ko ciwon maƙogwaro, sai waɗannan masu gadi su dunƙule su je su maƙale a bangon ƙananan jijiyoyi. Bangon ya kumbura, ya fara yoyo kamar tulun da ya tsage, jini da ruwa su riƙa tsattsafowa. Inda suka tsattsafo ƙarƙashin fata sai a ga tabo. In a gwiwa ne ko idon sawu, sai gaɓar ta kumbura ta yi ciwo. In a hanji ne sai murɗar ciki da amai. In a ƙoda ne sai jini ya bi fitsari. In kuwa a maraina ne, to ga abin da uwar nan ta gani. Ciwo ɗaya ne, wuraren da yake ɓullowa ne da yawa, shi ya sa ake bin kowace alama da maganinta daban ba a gane ƴan gida ɗaya ba ne.

Tabban sun fi fitowa a ƙafafu da mazaunai domin nan ne nauyin jini ke sauka in yaro yana tsaye ko zaune, haka kuma inda robar wando ko ta safa ke matsewa. Su ma maraina a rataye suke, fatarsu sako-sako ce, ga ƙananan jijiyoyi da yawa, don haka ɗan yoyo kaɗan ya isa ya sa wurin ya cika ya yi tim. Wani lokaci kumburin ɓangare ɗaya ne, wani lokaci duka biyun, wani yaron ma har gabanshi ke kumbura. Ga ƙananan yara akan ga bayan hannu da bayan ƙafa da fatar ido su ma sun tasa.

Ciwon ba ya yaɗuwa daga yaro zuwa yaro, saboda haka ba sai an raba mashi kwano ko shimfiɗa ba. Ba ciwon sanyi ba ne irin na manya, ba kuma ƙazantar uwa ce ta jawo shi ba. Na faɗi haka ne don na san yadda bakin mutane yake in abu ya shafi wannan wuri.

A ƙasashen da aka ƙirga, cikin yara 100,000 akan samu kamar 10 zuwa 20 a shekara. Mafi yawansu ba su kai shekara 10 ba, kuma maza sun ɗan fi mata. Wani bincike da aka buga a Ingila a 2002 ya samu cewa ya fi kama ƴan shekara 4 zuwa 6, kuma an fi ganinshi ga ƴaƴan Turawa da na mutanen Asiya fiye da ƴaƴan baƙar fata. Maganar maraina kuwa, wasu likitocin Amurka ne suka fara rubuta ta a 1960, kuma tun daga nan rahotannin asibitoci sun bambanta ƙwarai: wasu sun ga kumburin ga yaro 2 cikin maza 100 masu ciwon, wasu har 38. Ba ciwo ba ne na kowane gida, amma ba abin da za a ce ba a taɓa gani ba ne.

Mu da muke baƙaƙe akwai wani abu da ya kamata mu kula da shi. Hotunan da ke cikin littattafan likita galibi na farar fata ne, inda tabon ke fitowa ja wur. A fatarmu ba ya yin ja. Duhu yake yi, kamar an ɗiga tawada, kuma a ɗaki mai ƙarancin haske sai ido ya wuce shi. Don haka a fito da yaro tsakar gida da rana, ko a haska da tocilar waya, sannan a shafa ƙwaurin da tafin hannu. Tabon nan yana da ɗan tudu, hannu na jin shi kamar an watsa gero ƙarƙashin fata. Sai a ɗauko kofin shayi na gilashi a danna gefenshi bisa wurin a duba ta cikin gilashin. Cizon sauro da ƙurajen zafi in an danna su sukan dushe, shi wannan ba ya gusawa, domin jini ne ya fita daga hanyarshi. Ba kamar ƙyanda ba ne, wadda ke farawa daga fuska da zazzaɓi mai zafi da jan ido, ba kuma kamar ƙarambau ba, mai ƙuraje masu ruwa.

Amma fa a yi hattara. Tabon da ba ya gusawa in an danna shi ba wannan ciwo kaɗai ke kawo shi ba. Ƙwayar sanƙarau in ta shiga jini ita ma tana fitar da irinshi, kuma mu ƴan Nijar ba baƙin sanƙarau ba ne: a annobar 2015 kaɗai mutum fiye da 8,000 suka kamu, sama da 500 suka rasu. Bambancin shi ne mai sanƙarau jikinshi zafi rau, ya galabaita, wuya ya sanƙare ko hankali ya fara gushewa, tabon kuma yana yaɗuwa cikin awoyi. Shi kuwa yaron da muke magana a kanshi yawanci zazzaɓinshi kaɗan ne ko babu, yana magana, yana gane mutane. Duk da haka ba uwa ce za ta yanke wannan hukunci ba. Tabo irin wannan tare da zazzaɓi, ko da tsakar dare ne, likita za a nufa.

Awa shida

Yanzu sai mu zo ga dalilin da ya sa na ce kada a kwana gida. Shi kumburin maraina da wannan ciwo ke kawowa, duk da ban tsoronshi, yawanci yana saɓewa cikin ƴan kwanaki, ba ya barin lahani, ba ya hana yaro haihuwa in ya girma. Matsalar ita ce yana da wani abokin kama wanda ba ya jira, wato murɗewar maraina.

Kowane ɗan maraina a rataye yake da wata igiya, cikinta ne jijiyoyin da ke kai mashi jini suke. Wani lokaci sai ya juya, igiyar ta murɗe kamar yadda ake murɗe bakin leda in an ƙulla mai ko tattasai. Daga nan jini ya daina shiga. Abin ya fi samun samari ƴan shekara 12 zuwa 18 da kuma jarirai, amma yana iya samun yaro a kowace shekara. Ciwon yakan zo farat ɗaya, mai tsanani, ɓangare ɗaya, sau da yawa cikin dare ko da asuba, tare da amai, kuma ɗan marainan yakan ɗage sama fiye da ɗan uwanshi. Maganinshi aiki ne, a buɗe a warware igiyar a ɗinke shi yadda ba zai sake juyawa ba. Idan aka yi aikin cikin awa 6, kamar 9 cikin 10 suna tsira. In an kai awa 12 sai rabi. In aka wuce kwana guda, wanda ke tsira bai kai 1 cikin 10 ba, sauran sai a cire, domin naman ya riga ya mutu.

Kuma a lura, awa 6 ɗin nan ana ƙirga su ne daga lokacin da ciwon ya fara, ba daga lokacin da aka isa asibiti ba. Wanda ke cikin Yamai ko Damagaram ko Maraɗi ko Tawa, kabu-kabu ɗaya ya isa ya kai shi inda ake aiki. Wanda ke ƙauye kuwa sai ya fara da likitar garinsu, majo ya rubuta mashi takarda, ya nemi mota zuwa babban gari. Duk wannan cikin awa 6 ɗin yake. Wanda ya ce bari gari ya waye ya riga ya cinye su a kan tabarma.

Ba wata uwa, ba wani wanzami, da zai iya bambanta waɗannan biyu da ido. Su kansu likitoci sukan sha wuya, musamman da yake ga wasu yara kumburin maraina ne ke fara zuwa, tabon sai bayan kwana ɗaya ko biyu ya fito. An ma taɓa samun yaran da abu biyun suka haɗu masu lokaci guda, ko da yake wannan ba kasafai ba ne. Saboda haka ganin tabo a ƙafa ba izinin zama gida ba ne. Amfaninshi shi ne a nuna wa likita. Kada ki tsaya ga cewa gabanshi ya kumbura. Ki faɗi cewa ya yi mura kwanan baya, ya yi kukan gwiwa, ya yi kukan ciki, ki ɗaga wando ki nuna ƙwauri da mazaunai, ki faɗi ƙarfe nawa ciwon ya fara. Likitan da ke da layin mutum hamsin a ƙofa ba lalle ne ya tuɓe yaro gaba ɗaya ba, kuma wannan ɗan bayani naki yana iya raba yaron da wuƙar da ba ya buƙata. In kun kama hanya kada a ba shi abinci ko fura, don in aka ce aiki za a yi, cikin da ba kome ake so.

A manyan asibitoci akwai hoton eko irin wanda ake yi wa masu ciki, amma mai nuna gudun jini, ana ce mashi Doppler. In murɗewa ce sai a ga jini ya ragu ko ya tsaya. In wannan ciwo ne sai a ga jini na gudu daidai ko ma ya ƙaru, fatar ta yi kauri, da ɗan ruwa kewaye. Inda babu na'urar, ko aka yi hoton amma shakka ba ta gushe ba, likitan fiɗa zai iya cewa sai ya buɗe ya gani. A ganina a yarda. Idan ya buɗe ya tarar ba murɗewa, ba kuskure ya yi ba, ɗan ɗinki ne zai warke cikin kwanaki. Asarar tana ga wanda aka ƙi buɗewa alhali igiyar a murɗe take.

Nan ina da magana da mazaje, musamman fatake. Da yawanku kuna kwana a hanyar Kano ko Kwatano ko Agadas, a gida kuwa an saba ba a fita sai da izini, balle a sa hannu a takardar aiki. Sau nawa mace za ta zauna da yaro yana murƙususu tana ta buga waya layi ba ya shiga? Tun kafin ka tafi ka bar magana: in ciwo ya taso wa yaro, a tafi, kuma wane ne zai tsaya a madadinka. Ka bar ɗan abin da za a shiga mota da shi. A shekarar 2006 gwamnati ta ayyana kula da yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta a likitocinta, amma da yawa cikin masu wannan ciwo suna bakin shekara 5 ne ko sun wuce, balle samarin da murɗewa ta fi kamawa. Ke nan sai da tanadi.

Akwai wasu abubuwan da ke kumbura wannan wuri, kamar gwaiwa, da hangum in ya sauka ƙasa ga wanda ya balaga, da kumburin jiki gaba ɗaya na tamowa ko na ciwon ƙoda. Kowanne da maganinshi, kuma duk a likita ake rabe su.

Idan an tabbatar wannan ciwo ne, maganin ba shi da yawa. Hutu, shan ruwa sosai, da farasetamol gwargwadon nauyin yaro. A sa mashi ɗan kamfai mai tallafe wurin, ko a naɗe ƙyalle mai laushi a sa ƙarƙashi in ya kwanta. Idan kumburin ko ciwon cikin ya yi tsanani likita yakan ba da firednizolon na ƴan kwanaki, yana saurin kwantar da ciwon. Amma shi ne zai ba da, shi ne zai faɗi yadda za a rage har a daina. Ƙwayoyin ƙiba da ake sayarwa a kasuwa, irin su deksametazon, dangin wannan magani ne, kada wata ta ce ai tana da su a jaka ta ɓallo wa yaro.

Ga kuma maganar masu tallar magani a tire, waɗanda da yawansu maƙwabtanmu ne a kasuwa, muna gaisawa kullum. Yaro ya ce gwiwa, abin da za su miƙo shi ne ibufurofen ko diklofenak ko asfirin. Waɗannan magunguna suna iya ƙara zubar jini a hanji, kuma suna wahalar da ƙoda, ga shi hanji da ƙoda su ne wuraren da ciwon ya riga ya taɓa. Kada a ba shi sai in likita ya duba fitsari ya ce ba kome. Shi kuma wanzami, da duk girman da muke ba shi, wannan ba wurin aska ko ƙaho ba ne. Babu mugun jinin da za a fitar. Tsaga a wannan wuri ƙofa ce ake buɗe wa ƙwayar cuta, gashi da ruwan zafi kuwa ƙuna kawai yake ƙarawa.

Ciwon ciki ma a sa mashi ido. Ga kaɗan daga cikin yaran, hanji yakan shige cikin ɗan uwanshi kamar yadda ake cusa hannun riga ciki. Yaro ya riƙa ihu yana naɗe ƙafa, ya lafa, ya sake, da amai, da jini a kashi ko kashi baƙi ƙirin. Wannan ma na komawa asibiti ne nan take.

Bayan kumburi ya saɓe

Yawanci cikin sati 4 zuwa 6 kome ya wuce. Maraina sun koma daidai tun tuni, tabo ya dushe, yaro ya koma ƙwallo, uwa ta koma rumfarta ta yi hamdala. To a nan ne aka fi yin sakaci, domin abin da ya fi haɗari cikin wannan ciwo ba shi ne wanda ya tayar da hankalin gida ba. Ƙoda ce, ita kuwa ba ta ciwo, ba ta kumburin da za a gani.

Cikin yara 10 masu ciwon, kamar 2 zuwa 5 ƙodarsu takan taɓu. Ga mafi yawansu abin kaɗan ne, ɗan jini ne a fitsari wanda ido ba ya gani, kuma yakan wuce da kanshi. Amma ga kaɗan daga cikinsu, kamar 1 ko 2 cikin 100, yakan zama ciwon ƙoda na dindindin, har wani ya kai ga wankin ƙoda. Duk wanda ya taɓa jinyar mai wankin ƙoda ya san ba abin da jarin ƙaramin ɗan kasuwa ke ɗauka ba ne. Kuma an gwada an gani, firednizolon da aka sha da farko ba ya hana ƙoda taɓuwa. Abin da ke taimako shi ne a gano da wuri.

Taɓuwar ƙodar takan bayyana ne galibi cikin sati 6 na farko, kuma kusan duka cikin wata 6. Shi ya sa likitoci ke cewa a riƙa auna fitsarin yaro da hawan jininshi har wata 6 aƙalla, da farko kusa-kusa, daga baya a riƙa tazara. Awon ba wani babban aiki ba ne. Ɗan siririn tsinken takarda ne ake tsomawa cikin fitsari, minti biyu ya nuna ko akwai jini ko sinadarin furotin da bai kamata ya fita ba. Fitsarin farko na safe ya fi kyau, a tara shi a kwalba mai tsabta. Na san ranar kasuwa ba ta da madadi, kuma da wuya mutum ya rufe rumfa ya kai yaron da ke guje-guje likita. A zaɓi ranar da ciniki ya fi sanyi, ko a haɗa shi da babbar ƴa ko ƙanwa, amma kada a tsallake.

A gida kuma ga abin da za a lura da shi: fitsari mai launin ruwan shayi, ko mai kumfa da yawa kamar an zuba omo, ko ya ragu ƙwarai, fuska ta kumbura da safe, ƙafa ta tasa da yamma, ciwon kai mai naci. Ko ɗaya aka gani kada a jira ranar awo. A garuruwan bakin kogi da na kusa da tafkuna da madatsun ruwa an saba ganin yara maza na fitsarin jini saboda tsargiya, har wasu na ɗaukar abin kamar alamar girma. Ita tsargiya jininta ja ne, a ƙarshen fitsari yake ɗigowa, kuma tana da maganinta. Yaron da ya yi wannan ciwo kada a ce tsargiya ce a ba shi ƙwaya a wuce, sai an auna.

Kamar 1 cikin 3 na yaran tabon yakan dawo masu, yawanci cikin ƴan watannin farko, kuma galibi bai kai na farkon tsanani ba. In ya dawo a koma a sake auna fitsari. In maraina suka sake kumbura da ciwo, kada a ce ai mun san shi, irin na wancan karon ne. Lissafin awa 6 ɗin nan sabo yake komawa kowane karo.

Ƴaƴa mata ma suna kamuwa da ciwon, sai dai su ba su da wannan alama mai firgitarwa da ke sa a ruga asibiti, don haka nasu ya fi saurin wucewa ba a kula ba. Awon fitsarin nasu daidai yake da na maza. Kuma yarinyar da ta taɓa yin shi, in ta girma ta yi aure ta samu ciki, ta faɗa wa ungozomar asibiti tun awon farko, domin an lura irinsu sun fi saurin samun hawan jini da furotin a fitsari lokacin goyon ciki. A ajiye katin likitar wuri mai kyau, cikin leda, tare da takardar haihuwa, a miƙa mata shi ranar da za ta tafi ɗakinta.